Bayan Phandalin, Sai Ina? Kurakuran Sabon Jagoran Wasa

Da yawa daga cikin masu jagorantar wasan ba da labari na kan tebur mai suna Dungeons & Dragons da labarin Lost Mine of Phandelver suka fara, wanda ya zo cikin akwatin 'yan koyo na 2014. Yana gudana ne a yankin wani ƙaramin gari mai suna Phandalin, yana kai jarumai, wato mutanen labarin da 'yan wasa ke takawa, daga mataki na 1 zuwa na 5 na ƙarfi. Ranar da aka fito daga kogon Wave Echo, inda labarin ke ƙarewa, ana tattara takardu sai wani ya ɗago kai: "To, mako mai zuwa ina muka nufa?" A nan sabon jagora ke yawan tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne sayen littafi saboda sunansa ya yi tashe. Kowa na yabon Curse of Strahd na 2016, kuma ya cancanci yabon. Sai dai nauyinsa a wuyan jagora yake. Strahd, sarkin nan mai shan jini, ba ya zaune a fada yana jiran ranar ƙarshe. Kai ne za ka riƙa fito da shi yana zolayar jarumai, yana gwada su, ba tare da ka hallaka su tun da wuri ba. Ƙasar Barovia da yake mulka kuma a buɗe take, 'yan wasa na iya faɗawa wurin da ya fi ƙarfinsu tun a zama na uku. Shi ma Tomb of Annihilation na 2017 yana da tasa ƙayar: akwai la'anar da ke hana tayar da matacce, wanda ya rasa jarumin da ya raina wata da watanni ya rasa shi ke nan. Gyaran mai sauƙi ne. Ka tambayi mutanenka abin da ya fi yi musu daɗi a labarin farko. Faɗa da 'yan daban Redbrand? Hira da mutanen gari? Laluben kogo? Amsarsu ita za ta zaɓa maka littafi.

Wasu kuma sukan manta da batun mataki. Jarumin mataki na 5 ya wuce yaro: mayaƙi na kai sara biyu a juyi ɗaya, matsafi ya samu Fireball, tsafin jefa dunƙulen wuta. Ka jefa su cikin labarin da aka tsara wa mataki na 1, za su share abokan gaba kafin shayi ya huce. Ko dai a ƙirƙiri sabbin jarumai, ko a nemi labarin da ke karɓar na da. Storm King's Thunder na 2016 ya dace da hakan, domin babinsa na farko aikinsa kawai kai jarumai mataki na 5. Ka tsallake shi, ka fara da harin samudawa a Triboar, garin da hanya ta haɗa da yankin Phandalin. Amma ka yi hattara da babi na uku, inda aka baje maka garuruwa da wurare masu ɗimbin yawa. Zaɓi huɗu ko biyar, ka bar sauran.

Akwai kuma ɗaukar dogon labari alhali ba ka da tabbacin mutanenka za su riƙa haɗuwa har shekara. Tales from the Yawning Portal na 2017 ya ƙunshi gajerun labarai bakwai, ka ɗauki ɗaya ka ga yadda za ta kaya.

Wanda ya fi damuna shi ne watsar da Phandalin kamar ba a taɓa zama cikinsa ba. 'Yan wasa sun san masauƙin Stonehill, sun ceci Gundren wanda ya ɗauke su aiki, har an ba su kashi 10 cikin 100 na arzikin ma'adinan kogon Wave Echo. Wannan jari ne da ka sha wahala kafin ka tara. Idan Nezznar, mugun labarin farko, ya tsira, ga abokin gaba a hannu, wanda tuni suka tsana. Dragon of Icespire Peak na 2019 a garin yake gudana, kana iya tsintar ayyukansa na ƙarshe ka ɗan ƙara musu ƙarfi. Phandelver and Below na 2023 kuwa ya ɗora daga labarin farko har mataki na 12, ko da yake rabinsa na biyu ya karkata ga ban tsoro, don haka ka sanar da su tun kafin a shiga.

Duk wanda ka zaɓa, ka karanta shi har bango kafin zaman farko. Ko lokaci ya ƙure, ka san wane ne mugun labarin da abin da yake nema, domin ranar da wani ya tambayi mai masauƙi "wa ya turo samudawan nan?", kai ne bakin mai masauƙin.