Yadda Ake Gane Tsuntsu Mai Cafke Ƙwari a Kurmin Yankari

Wanda yake son ganin wannan tsuntsu, wanda masana ke kira Terpsiphone viridis, sai ya nufi wuraren da itatuwa suka yi duhu a bakin ruwa, kamar kewayen maɓuɓɓugar Wikki da gaɓar kogin Gaji a Gandun Dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, domin tsuntsun ba ya son fili. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina da sanyin safiya, sa'ad da ƙwari suka yawaita kuma tsuntsayen suka fara saƙa sheƙa. A tafi da ma'aikacin gandun, a kuma guji tufafi shuɗi ko baƙi saboda suna jawo ƙudan tsando.

Abin da za a fara dubawa shi ne kai: baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, ga shuɗin zobe kewaye da ido, bakin ma shuɗi ne. Baya da bindi launin jan ƙasa ne, ciki kuwa toka-toka. Jikinsa bai wuce santimita 17 ba, amma namijin da ya ƙosa yana da dogayen gashin bindi guda biyu da kan ninka tsawonsa, kuma akwai mazan da bayansu da bindinsu farare ne fat, har mai kallo ya zaci wani jinsi ne daban. Macen ba ta da wannan ado, shi ya sa ake yawan wuce ta.

Dogon bindin kan sa a rikita shi da zalaiɗu, amma halayya tana raba gardama nan take. Zalaiɗu mai gajeren baki ne mai kauri, yana sauka ƙasa ya tsinci ƙwayar ciyawa. Wannan kuwa yana zama a kan reshe cikin inuwa, ya yi wuf ya cafke ƙwaro a iska, sannan ya koma kusa da inda ya tashi. A ganina, zama wuri guda ana jiran wannan dawowar ya fi bin sa cikin kurmi amfani.

Idan aka ci karo da sheƙarsa, wadda ƙaramin ƙoƙo ce da aka ɗaure da saƙar gizo a mararrabar reshe, a tsaya nesa. Ƙwai biyu ko uku ne a ciki, kuma namiji da mace suna kwanci bi da bi.