Matakan Gano Abin da Ke Sa Kwamfutar Gida Yawan Mutuwa

A Sakkwato, idan kwamfuta ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki, zafi ya kamata a fara tuhuma, tun kafin a karɓi shawarar goge komai a sake ɗora Windows. A watannin Afrilu da Mayu zafin gari yakan haura digiri 40, alhali ƙurar hunturu ta riga ta toshe kafofin da iska ke bi. Alamarsa ita ce fankar cikin kwamfutar ta yi ta gurnani, sannan na'urar ta ɗauke baki ɗaya ba tare da wani saƙo ba.

A kashe ta, a zare wayar wuta, a buɗe murfin, a share ƙurar da burushi mai laushi ko a hure ta, ana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, domin yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska. Manhajar HWMonitor tana nuna zafin cikin na'ura. Idan yana kaiwa digiri 90 bayan an share, mai yiwuwa man da ke tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, sai a kai wa mai gyara ya sabunta.

Idan kuma mutuwar tana zuwa ne lokacin da aka koma janareta ko wuta ta yi ƙasa, UPS ake bukata, wato na'ura mai batir da ke ci gaba da ba kwamfuta wuta idan an ɗauke.

Shuɗin allo, wanda Windows ke nunawa idan ta ci karo da babbar matsala, ya fi sauƙin bibiya, tunda yana faɗin laifin da kansa. A ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Rubutun MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna matsalar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, don haka a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mdsched a akwatin da ya fito domin a gwada ta. Idan RAM guda biyu ce a ciki, a cire ɗaya a yi aiki da ɗayar, sannan a musanya. Rubuta perfmon /rel a wannan akwati yana fito da tarihin kowace faɗuwa da ranarta, kuma sau da yawa sai a tarar ta fara ne ranar da aka saka wata sabuwar manhaja, wadda cire ta kawai zai wadatar.

A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi magani ba. Amma idan aka ji ma'ajiyar bayanai (hard disk) tana ƙas-ƙas, a dakatar da kowane gwaji, a kwashe takardu da hotuna zuwa filashi tukuna.