Yadda zaka haɗa yawon biranen Turai da bin kakar kyaututtukan fina-finai

Kafin ka fara duba kuɗin jirgi akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna maka, bikin ba da kyauta daban, bikin haska fina-finai daban, kuma a nan ne yawancin masu shirya irin wannan tafiya suke rikicewa. Bikin ba da kyauta irin su BAFTA a Landan ko César a Faris dare ɗaya ne tak, ƙofa a rufe, in ba a gayyace ka ba sai dai ka tsaya bayan shinge cikin sanyin Fabrairu kana leƙen motoci masu baƙin gilashi. Shi kuwa bikin haska fina-finai kwana goma ne zuwa sha biyu, tun safe ake nuna fim har tsakar dare, kuma da yawansu duk wanda ya yanki tikiti zai shiga, wani lokacin ma daraktan da jaruman suna zaune layi biyar a gabanka. To a kan wannan na biyun zaka gina tafiyarka, na farkon kuma ka kalla a talabijin kamar kowa.

Kuma ba asara ka yi ba, don fina-finan da ake ta cece-kuce a kansu a Janairu da Fabrairu yawanci a waɗannan bukukuwan suka fara fitowa. Parasite ya ci babbar kyautar Cannes a watan Mayun 2019, sai Fabrairun 2020 ya ɗauki Oscar. Nomadland ya ci Zakin Zinare, babbar kyautar bikin Venice, a Satumban 2020 kafin ya je ya lashe Oscar a 2021. Kaga wanda ya je bikin ya riga kowa gani da wata shida ko tara, lokacin da ake musu shi ya riga ya san inda ya tsaya.

Idan karon farko ne, ni shawarata Balin. Bikinta, Berlinale, tun 1951 ake yinsa, yanzu a watan Fabrairu, kuma cikin manyan ukun, wato Balin da Cannes da Venice, shi ne wanda da gaske aka yi shi don jama'ar gari. Tikiti ta intanet ake saida shi, ana buɗewa ƙarfe goma na safe kwana uku kafin ranar da za a haska fim ɗin, a 'yan shekarun nan kuɗin tsakanin yuro 15 zuwa 20 ne. Ka buɗe asusu a shafinsu tun kana gida, ka sa katin bankinka a kusa, ka rubuta fim uku ko huɗu a jere, don wanda kowa ke so cikin minti kaɗan yake ƙarewa, kana tsaye kana tunani an wuce ka. Kar ka nace sai haskawar farko a Berlinale Palast, babban zauren bikin, kowane fim ana maimaita shi a wasu silimomin cikin gari irin su Zoo Palast, kuma a nan aka fi samun wuri. Ranar Lahadi ta ƙarshe ranar 'yan kallo ce, tikiti ya fi sauƙi. Abu ɗaya dai, Jamusawa ba sa wasa da lokaci, in an fara fim ba za a bar ka ka shiga ba kuma kuɗinka ya tafi.

Daɗin Balin shi ne cibiyar bikin tana Potsdamer Platz, daga nan da ƙafa minti goma sha wani abu ka isa Ƙofar Brandenburg, a hanya zaka wuce wurin tunawa da Yahudawan da aka kashe a Turai, ginshiƙan kankare 2,711, wuri ne da ake shiga a natse, ba wajen hawa sama a ɗau hoto ba. Gaba kaɗan ga majalisar dokoki, Reichstag, hawa ƙubbar gilashinta kyauta ne amma sai ka yi rajista tun da wuri kuma ka zo da fasfo. Ragowar katangar da ta raba garin har 1989 mafi tsawo tana East Side Gallery, kilomita 1.3 cike da zane. A Tsibirin Gidajen Tarihi ka shiga Neues Museum ka ga sassaƙen kan Nefertiti, sarauniyar tsohuwar Masar, amma gidan tarihin Pergamon an rufe shi tun Oktoban 2023 ana gyara, ka duba ko an buɗe kafin ka sa shi a lissafi. In kana da yini guda a sake ka hau jirgi zuwa Potsdam, can ne Babelsberg yake, sitidiyon da ake fim a cikinsa tun 1912, ga gidan tarihin fim ga fadar Sanssouci.

Tsarin yini kuwa rana ce ke yanke maka shi. A Fabrairu wajen ƙarfe biyar da 'yan mintuna duhu ya fara, saboda haka safiya ta gari ce, yamma da dare na silima. Fim biyu a rana ya isa, uku in ka matsa. Masu cusa biyar a rana 'yan jarida ne aiki suke yi, kai da ka biya kuɗin jirgi da otal in ka yi haka zaka koma baka ga komai ba sai bayan kujeru. Ka riƙa barin aƙalla awa ɗaya tsakanin fim da fim in ba silima ɗaya ba ce. Tikitin jirgin ƙasa na takarda kuma sai ka buga shi a ɗan injin da ke kan dandamali kafin ka hau, babu shinge babu mai tambaya, har sai ranar da masu dubawa suka shigo cikin kayan gida, tarar yuro 60 ce kuma ba sa jin ban haƙuri. Tikitin shiyya-shiyya ne, A da B da C, filin jirgin sama da Potsdam duk suna shiyyar C, tikitin AB bai kai can ba. Litinin gidajen tarihi da yawa a rufe suke, Lahadi kuma shaguna ne a rufe.

Cannes fa? Gaskiya sunansa ya fi amfaninsa ga ɗan kallo. Tun 1946 ake yi, a watan Mayu, amma taron 'yan sana'a ne, fina-finan gasa sai da bajo ko katin gayyata. Shi ya sa zaka ga mutane sun ci kwat da ɗamarar wuya tun rana tsaka suna tsaye gaban Palais des Festivals riƙe da kwali suna roƙon a ba su gayyata, wasu kuma sun ɗaure tsani da sarƙa a tsallaken titi don su hango matakala 24 ɗin nan ta jan kafet. Wani yakan dace, amma ba abin da zaka sayi tikitin jirgi saboda shi ba ne. Abin da ke hannunka tabbas shi ne Cinéma de la Plage, fim kyauta a bakin teku kowane dare, ka je da wuri da rigar sanyi, sai sashen Quinzaine da ke saida wa kowa tikiti. In shekarunka tsakanin 18 da 28 ne akwai shirin kwana uku a Cannes da ake nema ta shafin bikin watanni kafin lokacin, wannan kam ka gwada, don yana shigar da kai har ɗakunan da sauran ke roƙo. Kwana kuma kar ka ma nemi ɗaki a cikin Cannes, ka sauka a Nice ko Antibes, jirgin ƙasa daga Nice minti talatin zuwa arba'in ne, ka dai san lokacin na ƙarshe da dare. Garin ƙarami ne, ka hau tsohuwar unguwar Le Suquet, ka shiga kasuwar Forville da safe, ka tsallaka tsibirin Sainte-Marguerite a kwata ɗin awa, shikenan ka gama.

Venice ita ce tsakiya, kuma in aljihu zai ɗauka ita ta fi haɗa abin biyu. Bikinta ne mafi tsufa, tun 1932, ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, kuma daga nan ne ake ɗauka kakar kyaututtuka ta buɗe. Ana saida tikiti ga kowa ta shafin Biennale, hukumar da ke shirya bikin. Sai dai ba a cikin garin da kake gani a hoto ake yi ba, a tsibirin Lido ne, wajen minti goma sha biyar a jirgin ruwa daga San Marco, kuma jirgin ruwan nan shi ke cinye kuɗin mutane, hawa ɗaya yuro 9.50, alhali na yini guda 25 ne na mako 65, ka duba ko sun canja amma dai lissafin a fili yake. A Lido akwai titi da mota, haya keke ka yi. Cikin tsohon garin kuwa gadoji sun haura 400 kuma kusan duk matakala ne, babban akwati mai taya azaba ne, ka zo da ƙaramar jaka. Mestre, unguwar da ke kan tudu a tsallaken ruwa, ta fi arha wajen kwana amma dawowa daga fim ɗin dare sai ka haɗa jirgin ruwa da bas, ka auna wannan kafin ka biya.

San Marco da gadar Rialto ka je musu ƙarfe bakwai na safe, kafin goma ba wajen sa ƙafa. A majami'ar San Marco ba sa barin mai gajeren wando ko kafaɗa a waje. Ranar da baka da fim ka tafi Murano wajen masu hura gilashi ka zarce Burano. A daidai lokacin kuma baje kolin Biennale yana ci a Giardini da Arsenale, shekara mai cika ta zane-zane, mai mara ta fasahar gini, sannan Lahadin farko ta Satumba akwai tseren kwale-kwale na Regata Storica a babban mashigin ruwa, abin kallo ne amma yana rikita zirga-zirgar jirage, kar ka sa fim mai muhimmanci da yammacin ranar in ba a Lido ka kwana ba.

Akwai ƙanana da ba a cika zancensu ba. Locarno a Suwizalan cikin Agusta, allo a filin Piazza Grande mutum 8,000 a sararin Allah, amma tsada kam sai haƙuri. San Sebastián a Sifaniya a ƙarshen Satumba, silima da bakin teku tafiyar ƙafa. Rotterdam a ƙarshen Janairu, Landan a Oktoba.

Maganar biza kar ka bar ta ƙarshe. In fasfonka na buƙatar bizar Schengen, wadda yawancin ƙasashen Turai suka haɗu a kanta, kwana 90 cikin 180 take bayarwa, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma a ofishin ƙasar da zaka fi daɗewa a cikinta ake nema. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, to ka yi amfani da wannan, don ranakun bikin ana sanar da su tun da wuri amma jerin fina-finan sai saura 'yan makonni, in ka ce sai ka ga jerin layin biza ya cika otal ya ninka. Ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba asara. Ingila ba ta cikin Schengen, bizarta daban kuɗinta fam, jirgin Eurostar daga Faris zuwa Landan awa biyu da minti ashirin ne ko kusa da haka amma ba zai ɗauke ka da biza ɗaya ba.

In kuma tafiyarka ta faɗo Janairu zuwa Maris kuma ba bikin da zaka je, har yanzu da abin yi, don lokacin ne silimomi ke cike da fina-finan da aka zaɓa. A nan ka kula, Jamus da Faransa da Italiya da Sifaniya suna ɗora muryar harshensu a kan fim, ka shiga ka tarar jarumin Amurka yana zuba Jamusanci. A jadawali ka nemi alamar fim mai muryarsa ta asali, OV ko OmU a Jamus, VO ko VOSTFR a Faransa, VOSE a Sifaniya, amma rubutun ƙasan allon da harshen ƙasar zai zo, saboda haka fim ɗin Koriya a Faris sai mai jin Faransanci. A bukukuwa babu wannan matsalar, rubutun Turanci ake sawa. Ranar fitowar fim ma ta bambanta, abin da ke Landan yau zai iya kai wata guda bai iso Balin ba. A Landan yankin South Bank ya ishe ka, Royal Festival Hall inda ake BAFTA tun 2023 yana maƙwabtaka da silimar BFI Southbank, ka bi bakin kogi da ƙafa har Tate Modern, shiga kyauta kamar British Museum da National Gallery. A Faris zauren Olympia da aka sha yin César a cikinsa yana kan Boulevard des Capucines, titin da 'yan'uwan Lumière suka fara haska fim ga masu biyan kuɗi ranar 28 ga Disamba 1895, akwai allon tunawa a jikin ginin mai lamba 14. Ƙananan silimomin Rue Champollion kusa da Sorbonne suna nuna tsofaffin fina-finai kullum. Cikin gidajen tarihi Louvre ba ta buɗewa Talata, Orsay kuma Litinin, ka jera ranakunka da wannan.

Daren Oscar shi ne mai wahalar, a Los Angeles ake yi da yammacinsu, a Turai yana kamawa tsakanin sha ɗaya na dare da ƙarfe ɗaya gwargwadon garin da kake, kuma yana ɗaukar sama da awa uku. Ka bincika tashar da ke da izinin nunawa a ƙasar tun da rana, don manhajar da kake biya a wata ƙasa ba lallai ta buɗe maka a nan ba, talabijin ɗin otal ma ba kowace tasha yake kamawa ba. Wasu silimomi a manyan birane suna shirya kallon taro har asuba, ka tambaya a wajen yankan tikiti. Washegari Litinin ce, kar ka sa jirgin safe, kar ka yanki tikitin gidan tarihi mai lokaci kafin azahar, kuma in baka iya tsayawa ba ka kashe sanarwar wayarka kafin ka kwanta, ka kalli maimaicin kafin ka buɗe Facebook.