Yadda ake ƙara wa'adin gidan haya na dogon zango a Ingila

Gidana a Landan, wanda na saya na wa'adin shekaru amma filin na wani ne, saura shekara 83 a takardarsa lokacin da na tashi tsaye. Kada ka yarda ta sauka ƙasa da 80, don daga nan farashin ƙarin yake tashin gwauron zabi, bankuna ma su fara ja da baya.

Fara da nemo ƙwararren mai kimanta gidaje, sannan lauya ya aika wa mai fili sanarwar Sashe na 42 ƙarƙashin dokar 1993 ta ƙara wa'adin fulat (sashe a cikin babban gini), ɗauke da tayinka. Mai filin yana da aƙalla wata biyu ya amsa. Ana ƙara shekara 90, kuɗin ƙasa (hayar da ake biyan mai fili duk shekara) kuma ya koma sifili. Sai dai kuɗin lauyansa ma kai za ka biya, abin da har yau yake ci mini rai. In ciniki ya cije, kotun gidaje ke yanke farashi.