Yadda Iyali Za Su Yi Amfani da Talabijin Wajen Taimaka wa Sojan da Ya Dawo Daga Bakin Daga

Sojan da ya shafe watanni a bakin daga, ko a dajin Sambisa ne ko a tsibiran Tafkin Chadi, yakan iso gida tun kafin hankalinsa ya iso. Mutanen gida ne suke fara lura da sauyin: ba ya yarda ya zauna ya ba ƙofa baya, faɗuwar murfin tukunya ko ƙarar tayar da janareta tana sa shi zabura, barcinsa guntu-guntu ne, kuma idan ana hira sai ya yi shiru kamar baƙo. Da yawa daga cikin masu irin wannan hali sukan tare a gaban talabijin har maiɗaki ta fara ƙorafi. Wannan zama yana iya zama mataki na farko na dawowa cikin mutane, yana kuma iya zama maɓoya, kuma abin da ke raba biyun shi ne irin shirin da ake kallo, da lokacin da ake kallonsa, da wanda ke zaune a gefe.

Kafin a taɓa rimot, ya kamata a fahimci abin da ke damunsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun shigar da wannan ciwo cikin kundinsu a shekarar 1980 da sunan PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam, kodayake 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Burma da yaƙin basasa sun san shi tun ba shi da suna. A taƙaice, jikin mutum ne ya koyi zama cikin shirin ko-ta-kwana, domin a can wanda ya sake shi ne ke mutuwa, sai ya kasa ajiye wannan shiri bayan haɗarin ya wuce. Abin da irin wannan jiki ya fi ƙi shi ne bazata. Nan ne amfanin talabijin yake, domin shirin da mutum ya riga ya sani yana ba shi rabin awa wadda ya san farkonta ya san ƙarshenta, babu abin da zai faɗo masa daga sama.

Saboda haka a fara da tsohon shiri wanda ya saba da shi, ko da ya kalle shi sau goma, kuma kada a yi masa gorin maimaitawa, domin maimaitawar ita ce amfanin. A gidajen Hausawa, tsofaffin wasannin barkwanci sun dace da wannan, musamman Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa soja ne kafin ya shahara a gidan talabijin na Kaduna, ya kuma rasu a 2023. Samanja ya mayar da tsawar fareti da gurɓatacciyar Hausar bariki abin dariya, kuma soja yana jin wannan dariya ta wata hanya da farar hula ba zai ji ba, domin rayuwarsa ce ake wasa da ita ba tare da jini ba. Amurkawa suna da makamancin wannan a shirin M*A*S*H, wanda aka nuna daga 1972 zuwa 1983 a kan likitocin soja a yaƙin Koriya, kuma mutum fiye da miliyan 100 suka kalli kashinsa na ƙarshe. Idan barkwanci bai karɓe shi ba, a gwada shirye-shiryen da hannu ke aiki a cikinsu cikin natsuwa, kamar girki, noma, gini ko zane. Misalin da ya fi burge ni shi ne Bob Ross, wanda ya yi shekara 20 a rundunar sojan saman Amurka yana daka wa na ƙasa da shi tsawa, da ya bar aiki ya ƙuduri aniyar ba zai ƙara ɗaga murya ba, sannan daga 1983 zuwa 1994 ya riƙa zana duwatsu da itatuwa a talabijin da murya ƙasa-ƙasa, yana gama zane guda a cikin rabin awa.

Rimot kuwa ya zauna a hannunsa. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma mutumin da ya yi watanni ba shi da ikon cewa yaushe zai ci, yaushe zai kwanta, yaushe za a buɗe masa wuta, yana bukatar ya ji cewa shi ke da ikon tsayar da abin da ke gabansa. A rage sauti, a bar fitila ɗaya a kunne, a bar masa kujerar da yake ganin ƙofa daga kanta ba tare da an tambaye shi dalili ba. Idan sabon shiri ne, wani daga cikin manyan gida ya fara kallonsa ko ya tambayi wanda ya gani, domin a san ko akwai harbi, fashewar bam, kukan jiniya ko gawa a ciki, sai a gaya masa tun da wuri ya zaɓa da kansa.

Batun shirye-shiryen yaƙi ya fi wuya, kuma a nan ne iyalai suka fi yin kuskure ta ɓangarori biyu. Wasu sukan hana gaba ɗaya, su riƙa sauya tasha da sauri da zarar sun ga kaki, wanda hakan ke nuna masa cewa ana kallonsa a matsayin mai rauni. Wasu kuma sukan saka masa fim ɗin yaƙi da nufin ya saba, alhali sabawa da tunanin abin da ya faru aiki ne da likita ke yi daki-daki a ɗakin shan magani. Lokacin da fim ɗin Saving Private Ryan ya fito a 1998, sai da ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta tanadi layin waya domin waɗanda kallon ya tayar wa tsohon miki, kuma cikinsu har da dattawan da suka bar fagen fama fiye da shekara 50 kafin nan. Duk da haka, akwai sojojin da irin wannan kallo ke buɗe musu baki. Shirin Band of Brothers na 2001, mai kashi goma, yana ɗauke da hirarrakin ainihin tsofaffin sojojin da aka yi labarin a kansu, kuma ganin dattijo mai furfura yana faɗin tsoron da ya ji yakan sauƙaƙa wa wani ya faɗi nasa. Ƙa'idar ita ce shi zai nema da kansa, a kalla da rana, kashi ɗaya tak, kuma wani yana kusa.

Idan ana cikin kallo aka ga numfashinsa ya sauya, gumi ya keto masa, ko idonsa ya kafe kamar ba ya ɗakin, a dakatar da shirin, a kunna fitila, a kira sunansa daga gabansa cikin murya ta yau da kullum, a gaya masa inda yake da ranar da ake ciki, a miƙa masa ruwa mai sanyi. Kada a dafa shi ta baya, kada a taru a kansa, kuma idan ya dawo hayyacinsa kada a tsare shi da tambayoyi.

Labarai su ne abin da na fi ba da shawarar a yi wa iyaka. Bayan harin bam da aka kai a gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2013, masu bincike sun gano cewa mutanen da suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a kullum sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu. Idan haka ta faru ga farar hula, to a ƙiyasta halin wanda ya san sunan ƙauyen da ake ambata, ya kuma san abokansa suna can. Labarai sau ɗaya a yini sun isa, kuma na rediyo sun fi sauƙi saboda babu hoto. Bidiyon kwanton ɓauna da ake turawa a WhatsApp da Facebook ya fi kowane shirin talabijin illa, don haka a roƙi 'yan uwa su daina tura masa.

Babban amfanin talabijin yana fitowa ne idan ana kallo tare. Mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar abu ɗaya sun fi samun sauƙin magana fiye da waɗanda ke kallon juna ido cikin ido, kuma shirin yana ba su abin tattaunawa wanda ba shi ba ne. Maiɗaki tana iya cewa, "Baban Amina, kana ganin wannan mutumin ya kyauta kuwa?" sai amsar da zai bayar a kan ɗan wasa ta ɗauko wani abu daga zuciyarsa. Tambayar da ba a yi ita ce ko ya kashe mutum, ko mutum nawa ya kashe, kuma a gargaɗi samarin gida da baƙi a kan haka. Wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake nunawa mako-mako, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, suna da wata fa'ida ta daban, wato suna sanya wa mako alama, kowa ya san daren da za a hallara. Yara ma suna da nasu rabon, domin uban da ya kasa jure hayaniyarsu yana iya zama da su minti ashirin a gaban shirin yara. Masu shirya Sesame Street, wani shirin yara na Amurka, sun gane haka tun 2006, lokacin da suka fara fitar da shirye-shirye na musamman domin 'ya'yan sojojin da aka tura yaƙi. Duk wannan ya shafi mace soja kamar yadda ya shafi namiji.

Ƙwallon ƙafa hanya ce mai kyau ta fita daga gida, amma a bi ta a hankali. A fara da wasa ɗaya a falo tare da aboki guda, zai fi kyau idan shi ma ya taɓa saka kaki. Bayan wasu makonni a gwada gidan kallo a ranar ƙaramin wasa, a zauna kusa da ƙofa, da sharaɗin cewa idan ya ce a tashi za a tashi ko da saura minti biyar a tashi wasan. Ihun cin ƙwallo a ɗaki mai duhu da cunkoso ba abin wasa ba ne ga wanda bai daɗe da dawowa ba.

Da dare, mutane da yawa ba sa iya barci sai da murya a ɗaki, domin shiru ne ke ba tunani fili. Babu laifi a bar shiri mai sanyi da sauti kaɗan, amma a saita akwatin ya kashe kansa bayan awa ɗaya, ko a maye gurbinsa da karatun Alƙur'ani ko rediyo. Idan kuwa aka ga kallo ya kai asuba, ya daina fita masallaci ko coci, ya daina cin abinci da iyali, ko ya haɗa kallon da giya, tiramadol ko maganin tari mai kodin, to talabijin ya zama maɓoya, kuma gudun tunanin yana ƙara wa ciwon ƙarfi ne. Haka nan idan mugun mafarki da zabura da fushi suka wuce wata guda ba su ragu ba, lokacin ganin likita ya yi. Wanda ke bakin aiki zai iya farawa daga asibitin barikinsu ko Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna, sannan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, ga kuma na Dawanau a Kano. Idan ya fara maganar ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da makami da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Wanda ke zaune a Amurka kuma zai iya kiran lamba 988 ya danna 1, layin da aka keɓe wa tsofaffin sojoji dare da rana.