Yadda ake ziyartar gidan dabbobin bincike na jami'a lafiya

Gidan dabbobin bincike iri biyu ne. Akwai rufaffen gini inda ake ajiye fararen ɓeraye da zomaye cikin keji, akwai kuma gona mai shanu, tumaki, awaki da kaji, irin ta cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ko wanne za ka shiga, kana iya kwaso cuta, kana kuma iya kai ta. Takalmin baƙo ɗaya ya isa ya rusa gwajin wata shida.

Fara da neman izini a rubuce, kuma ka faɗi gaskiyar lafiyarka ga jami'in da ke kula da wurin. Mai asma, mai borin jini, mai juna biyu, mai matsalar bawul ɗin zuciya da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, duk sai sun ji ta bakin likita. Ƙwayar zazzaɓin Q, cutar da mutum ke ɗauka daga dabbobi, tana fita da yawa a mahaifa da ruwan haihuwar tumaki da awaki, ta bushe ta bi ƙura, don haka mai ciki ba ta da abin yi a garke lokacin haihuwa. Idan allurar tetanus ɗinka ta haura shekara 10, sabunta ta.

Za a tambaye ka ko ka taɓa wasu dabbobi kwanan nan. Wurare da yawa suna son awa 48 zuwa 72 tsakanin taɓa irin dabbar da shiga. Wannan ne ya fi kama mutanenmu, domin gida nawa ne babu akurkin kaji ko tunkiya a turke? Wanda ya share akurki da safe ya wuce ɗakin kajin gwaji, yana iya kai musu murar tsuntsaye a tafin takalmi.

Ranar ziyara, bar babbar riga da silifas a gida. Sa wando da riga daidai jiki da takalmi rufaffe. Mace ta sa ƙaramin hijabi da za ta cusa cikin rigar kariya, don mayafi mai lilo yana sharar keji. Kada a fesa turare. Hancin ɓera ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ƙamshi yana sauya halinsa, sakamakon gwaji ya jirkice.

A ɗakin canza kaya yawanci akwai benci da ya raba ɓangaren waje da na ciki. Zauna a kai, rufe takalmi ɗaya da ledarsa, ka tsallaka da ƙafar ba tare da ta taɓa ƙasan waje ba, sannan ɗayar. Sai riga, takunkumi, hula, gilashin ido, safar hannu a ƙarshe, bakinta ya hau kan hannun riga. A gona kuwa takalmin roba ne: kankare kashin dabba tukuna kafin ka tsoma ƙafa a kwatamin magani, domin datti yana kashe ƙarfin maganin.

Takunkumi na buƙatar kulawa. Abin da ya fi damun masu shiga ɗakin ɓeraye shi ne wani furotin da ke cikin fitsarinsu, wanda ke bushewa a shimfiɗar keji ya tashi a iska, ya kawo atishawa, ƙaiƙayin ido, wani lokaci har sarƙewar numfashi. Takunkumin asibiti na yau da kullum yana barin iska ta gefe. Takunkumi mai tace iska nau'in N95 ya fi, amma sai ya manne da fata, gemu kuma yana hana shi. Mai gemu ya faɗa tun da wuri a duba masa wata hanya.

A ciki, bi ɗan rakiyarka. Ana farawa da ɗaki mafi tsabta a ƙare da na dabbobi marasa lafiya, ba a komawa baya. Kada ka buɗe keji, kada ka zura yatsa, kada ka ɗaga murya ko ka haska fitilar waya. Babu ci, babu sha, babu goro. Hannu mai safa ba ya zuwa fuska ko aljihu.

Wajen fita, fara cire safar hannu ta hanyar juyo cikinta waje, sai riga, takunkumi daga baya. Wanke hannu da sabulu aƙalla daƙiƙa 20.

Idan dabba ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka sanar nan take ko da ƙwarzane ne. Idan biri ne jinsin makak na Asiya, abin gaggawa ne, saboda yana iya ɗauke da ƙwayar Herpes B mai taɓa ƙwaƙwalwa. Idan kuma zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin da suka biyo baya, gaya wa likita inda ka shiga da irin dabbar da ka kusanta, domin zazzaɓin Q da bakkale (cutar da ke sa dabbobi ɓari, tana kuma kama mutum) suna kama da maleriya a farko.