Kurakuran da muke ta maimaitawa kafin zuwa na'urar XFEL

Wannan karo na uku ke nan ɗalibi ɗan uwanmu a nan Jidda ya kawo min farofozal ɗin neman lokacin gwaji a XFEL na ga kuskure iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Ƙannena, XFEL ba sinkuroton ba ce, wato ɗaya na'urar eksiren mai siffar zobe da aka saba kai kiristal. Lesa ce ta eksire mai walƙiya cikin femtosakan (kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na sakan), tana ɗaukar hoton kiristal na furotin kafin ya tarwatse, kuma kowane kiristal harbi ɗaya yake sha ya ƙare. Ta Hambug a Jamus, mai tsawon kilomita 3.4 da aka buɗe a 2017, tana iya walƙiya sau 27,000 a sakan guda. To kai da ka yi wata shida kana renon manyan kiristal guda goma masu kyau, me za ka ciyar da ita? Ƙanana take so, miliyoyi, cikin ruwa.

Nan ne na sha wuya wallahi. Zuwana na farko na ɗauko furotin ɗina daga nan, ban tace ba saboda ina tsoron asara, na ce ai a madubin ƙara girma duk sun yi daidai. Aka sa a sirinji, minti kaɗan ruwan ya daina fita daga bakin bututun da ke fesa shi cikin hasken, a kyamara muna kallon ɗigo ya kumbura ya maƙale, bututun da bai fi gashin kai kauri ba dunƙule ɗaya ya toshe shi. Aka canza, ya sake toshewa, kowane canji sai an rufe hasken an shiga ɗakin, haka daren ya tafi, abokan aikina ba su ce komai ba amma na ga fuskokinsu, kuma sai da muka jira zagaye na gaba kafin a sake ba mu lokaci. Yanzu ni matatar mikiron 20 (mikiron ɗaya cikin dubu ne na milimita) nake bi da komai, sau biyu, kuma ina gwada feshin tun a gida. Wasu sun ce ina ɓarnar samfur, na ji, ba zan daina ba. Kuma don Allah a riƙa juya sirinjin, kiristal kwanciya yake a ƙasa, sai ka wuni kana harbin ruwa zalla.

In furotin ɗinka na yin manyan kiristal kuma ba motsin gaggawa kake son gani ba, nemi sinkuroton kawai, masu tantancewa za su fara tambayarka me ya sa sai XFEL.

Bayanan da za ka samu ba sa shiga laftof, koyi CrystFEL, manhajar sarrafa irin waɗannan bayanan, kafin tafiya.

Zafin Jidda kuma ba ya wasa da samfur, kar a bar akwatin a mota ko na minti goma. Sai biza: ta Shengen ta shiga Turai daban, kuruj wa auda ta fita da dawowa Saudiyya daban, duba ranar ƙarewar iƙamarka, wato takardar zamanka, tun ranar da aka ba ka lokaci.